Tsintsiyar Ponirah

A ƙauyenmu, idan ana biki ba a son ruwan sama, sai a kafa tsintsiya kanta sama, a soke barkono da albasa a tsinkayenta. Ponirah, maƙwabciyarmu, ta fara haka tana 'yar shekara goma sha ɗaya, don kada ruwa ya ɓata rogon da take shanyawa. Da rogon nan suke rayuwa ita da kakarta, Mbah Wagiyem, wato Kaka Wagiyem a yarenmu, ba su da kowa. Sau uku hadari ya haɗu ya watse. Sai aka fara kiranta gidajen biki, tana dawowa da kwandon shinkafa da nama, har da albasar tsintsiyar.

Ni ta taga nake kallo, shi ya sa na san sirrin. Kafin ta amsa kira sai ta ce, "Mbah, yaya gwiwa?" In gwiwar tsohuwa na ciwo, ruwa na tafe, sai Ponirah ta kwanta zazzaɓin ƙarya.

Da dagaci ya aiko zai aurar da 'yarsa, tsohuwa ko miƙewa ba ta iyawa.

"Ki ce su ɗaga ranar, 'yar nan."

"Ranar da aka yi wata biyu ana lissafawa da ranakun haihuwar ango da amarya? Mbah, ki dai lallashi gwiwar."

"Ja'ira, ke ki lallashi sama!"

Ba a ce wa dagaci a'a. In kuwa baƙinsa suka jiƙe, ba mai sake kiranta, kwando ya ƙare.

Ta je gaban dagaci ta durƙusa, ta kira shi Pak, wato Baba. "Pak, tsintsiyar ta tsufa, ba ta aiki sai a inuwa."

"To, a ba ta lema."

"Tana son ganin baƙi duka a kusa da ita, Pak."

Yana gunaguni ya sa aka aro tamfol aka rufe filin. Amarya na fitowa ruwa ya kece. Ba wanda ya jiƙe. Dagaci ya dubi tsintsiya, ya dubi yarinya.

"Ba ta tsayar da shi ba."

"Ta tsayar da shi a kan tamfol, Pak."

Kwando biyu ta kai gida ranar.

Yau ita ke ba da hayar rumfunan biki a ƙauyuka biyar. Da na dawo daga jami'a, na daure na tambaye ta ko tana kafa tsintsiya har yanzu.

"Sosai ma, Mbak," in ji ta, kamar yadda ake kiran 'yan mata a wajenmu. "Kyauta ce ga wanda ya ɗauki rumfa."