Na Yi Bargo da Likkafanin Surukata

Edita, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, ni matashiya ce a Kankia, da aure shekara huɗu da 'ya'ya biyu, ga rawar kai ba a magana. Na yi firamare har aji huɗu, abin da ba kowace mace ta samu ba a unguwarmu, saboda haka nake ganin babu wadda ta kai ni wayewa. Maigidana malamin gona ne, mutum mai haƙuri wanda ba ya son hayaniya. Ina roƙon a sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yana kuma ba su san wannan labari ba.

A shekara ta uku da aurenmu aka ɗauko mahaifiyarsa daga Kusada ta dawo wurinmu, saboda yanar ido ta rufe mata gani. Inna muke ce mata. Kayanta duka buta ce da tasbaha da tabarma, sai wani tsohon adudu mai marfin fata da aka ajiye a ƙuryar ɗakinta. Na yi zaton zaman zai yi mini nauyi, sai ga shi ita ce ta mai da ni mace. Kafin zuwanta tuwona in ka jefi kare da shi sai ya yi kuka. Kullum da la'asar sai ta lallaɓo ta zauna a kan kifaffen turmi kusa da murhu, ta ce ita ba ta gani amma kunnenta bai mutu ba. Daga ƙarar muciya take gane ko talge ya nuna, daga ƙamshi take sanin na yi wa miyar kuka rowar daddawa. Tana tsokanata tana cewa 'yan boko sun iya riƙe alƙalami amma maburgi ya gagare su. Bayan magariba mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maigida da akushinsa, ni da ita da yara a kwano ɗaya, tana lalubo man shanu tana tura wa jikokinta. Ban taɓa jin daɗin zama da wani mutum kamar yadda na ji da ita ba.

Ana nan sai aka buɗe ajin mata a garin, aka kawo wata malama daga Katsina tana koyar da saƙa da ɗinki. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne bargon haɗi. A yanka ƙyallaye daidai wa daida, a haɗa su da allura su zama fuska, a shimfiɗa shiɓaɓɓiyar auduga a tsakiya, a sa farin yadi a ƙasa a matsayin shafi, sannan a bi da ɗinki ƙanana-ƙanana a kame su duka ukun. Ni sabuwar hannu ce, yatsuna duk sun sha sukar allura, layina yana tafiya kamar hanyar shanu. Amma da malama ta ce matar wani babban ma'aikaci za ta zo duba ayyukanmu, sai na ɗaura wa kaina cewa nawa ne zai fi na kowa. Na aika wa teloli suna tara mini guntayen atamfa da shadda. Na shiga ɗinki ba ji ba gani, har sau biyu tuwo yana kamawa a tukunya. A karo na biyu maigida ya ɗanɗana ya ji ƙauri, ya ture akushi, ya ce daga yau kada in sake yi masa maganar sayen wani yadi, in dai ɗinkin nan ne zai hana gida cin abinci.

To ga fuskar bargo ta haɗu, ga auduga, babu shafi. Da ma Inna ta taɓa ce mini in buɗe adudunta in ɗebi tsofaffin zannuwan da ke sama in ƙara a haɗina. Sama ta ce, na ji da kunnena. Wata safiya ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta, na buɗe, na wuce sama, na zura hannu har ƙasa. Can na taɓo wani ƙunshi a naɗe cikin tsohuwar fata. Farin alawayyo ne mai yawa, ba a kalmashe bakinsa ba, ya yi ɗan ja-ja don daɗewa, da shatar ruwa a jikinsa kamar an jiƙa shi an shanya ba a wanke ba. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, wani abu ya ce mini mayar. Amma na ce wa kaina ai ragowar yadi ne tsohuwa ta manta da shi, kuma mai makanta me za ta yi da farin yadi. Na jiƙa shi, na wanke da sabulu har sau biyu sai da shatar nan ta fita, na sa masa bula, na sa almakashi na raba shi. Babban ya zama shafi, sauran na yayyanka na kewaye bakin bargon da shi.

Bargo ya yi kyau, wannan kam ba a musu. Baƙuwar ta ɗaga shi gaban mata ta yaba, malama ta dafa kafaɗata, na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Inna ta shafa shi da tafin hannu tun daga wannan baki har wancan, ta sa mini albarka, ta ce ashe dai 'yar bokon tana da rana.

Bayan kamar wata guda wata tsohuwa ta rasu a unguwarmu, aka yi ta faɗi-tashin neman likkafani. Da la'asar ina tuƙa tuwo, Inna na kan turminta, sai ta ce ita kam ta hutar da mu wannan wahala, nata yana nan a ƙasan adudu. Daga nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce tun kafin a san jirgin alhazai ita da mijinta suka tafi Makka ta ƙasa, suna tafe suna yada zango suna aikin gona, shekaru suka yi a hanya. Da suka sauke farali sai ya sayi farin yadi bandir guda, suka jiƙa shi da ruwan Zamzam, suka shanya a can. A hanyar dawowa ciwo ya kama shi a ƙasar Sudan, ya cika a wani ƙauyen da ba ta ma riƙe sunansa ba. Aka raba yadin biyu, aka naɗe shi da rabi, ita kuma ta goyo ɗanta, wato maigidana, ta ɗoro ɗaya rabin a ka har Kusada. Ta ce ba ta san inda kabarinsa yake ba, amma in an sa ta a cikin rabin nan, ta san tufa ɗaya suka sa. Muciya ta tsaya a hannuna. Ta ce mene ne ta ji na daina tuƙi, tuwo zai yi gudaji. Na ce hayaƙi ne ya shige mini ido. Ranar kowa ya ci gudaji.

A nan ne ya kamata in durƙusa in faɗa mata. Kuskure na farko ana iya cewa rashin sani ne da rawar kai, amma abin da na yi bayansa da idona biyu na yi shi. Na duba bargon, na ga ko na warware ba zai koma yadda yake ba, an yanka, an wanke, allura ta ratsa shi ko'ina. Na tuna fuskar maigida, na tuna abin da dangin Kusada za su ce. Sai na sa dillaliya ta samo mini alawayyo mai kama da shi. Sabo ne fil, yana ƙamshin kanti, don haka na rataye shi a saman murhu kwana da kwanaki hayaƙi yana bugunsa, na yayyafa masa ruwa ya bushe ya yi shata. Ina girka wa matar nan abinci, tana zaune tana yi mini hira, abin da zan yaudare ta da shi yana rataye a bisa kanta. Da ya yi ja-ja na naɗe shi a cikin fatar na mayar ƙasan adudu.

Ashe lokaci-lokaci, ranar Juma'a, takan fito da shi ta ɗora a cinya ta yi wa mijinta addu'a. Ban sani ba sai ranar da na leƙa ɗakinta da hantsi zan kai mata koko. Tana zaune da yadin a cinyarta, ta murza bakinsa da yatsu biyu, ta kai shi hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta ninke shi a hankali ta mayar. Da yamma ta zo ta zauna a kan turminta kamar kullum, sai da na fara kwasar tuwo ta ce, "Ɗiyata, babu abin da kike son hwaɗa mani?" Babu kowa a gidan sai ni da ita, muryarta kuma babu faɗa a ciki. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne gishirinmu ya kusa ƙarewa. Ta ce to, Allah ya hore. Ba ta sake tambayata ba, ban kuma sake ganin ta buɗe adudun ba. Ba ta canza mini fuska ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Da damina ta tsaya zazzaɓi ya kwantar da ita, tana ta rawar sanyi. Ta ce in kawo mata bargon da na ɗinka. Na lulluɓa mata, sai ta lalubi gefensa ta ce, "Ja mani shi bisa, hwarin nan nike so wajen huskata." Kwana shida ta yi da shafin nan a kumatunta, ina ba ta kunu a ludayi, kullum ina cewa gobe in ta ɗan ji sauƙi zan faɗa. Rana ta bakwai da hantsi ta cika. Ina tsugune ina ɗora ruwan wanka na ga maigida ya fito da ƙunshin fatar ya miƙa wa masu wanka, yana hawaye yana gode wa Allah da ya cika wa mahaifiyarsa burinta. Bargon yana ninke a bakin gado, taku uku daga inda suke. Ko a lokacin, da na yi magana, da an farke shafin an sa mata ko da ƙyalle ɗaya ne a ciki. Na ci gaba da hura wuta, aka naɗe ta a yadin dillaliya aka fita da ita. Dangi suka zo daga Kusada suna ta sa mini albarka, wai ba a taɓa ganin matar ɗa mai riƙon amana irina ba.

Tun daga ranar ban sake haɗa ƙyalle biyu da allura ba. Girki kuwa ba shi da makawa, a nan ne abin ya zauna mini. Shekara da shekaru in la'asar ta yi na sa muciya a tukunya, sai in ji kamar akwai mutum a bayana yana sauraron tuƙin, yana jiran in yi magana. Na sa aka fitar da turmin daga madafa, bai hana ba. Maigida ya rasu bai sani ba. Na taɓa aika tambaya wurin wani malami a kan wai wata ce ta yi haka, ya ce likkafani duk likkafani ne, aikin mutum ne ke bin sa kabari, amma amanar da aka ci sai a yi ta istigfari da sadaka a madadin mai ita. Ina yi har yau. Abin da malam ba zai iya gaya mini ba shi ne ko ta yafe, domin ban ba ta damar yafewa ba.

'Yan'uwana mata, musamman masu zama da tsofaffi, abin da kuka gani a ƙasan kayansu kada ku ce tarkace ne, ku tambaya. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun mai abin yana numfashi. Kunyar yini ɗaya na guje wa, ga shi na tsufa da abin a wuyana. Bara na ɗauko bargon, na zauna da reza da idon da ya fara gazawa, na warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, wata biyu ina yi, har na raba farin yadin da sauran. Na haɗa guntayen na ninke, yana nan kusa da ni ina wannan rubutu. Na cire shi don in mayar wa mai shi, sai da na gama ninkewa na tuna babu inda zan kai mata.