Sulafa Ta Ratsa Kwazazzabon Sabaloka

Yara, idan kuka bi bakin kogin Nilu ta wajen unguwar Dokki da hantsi, za ku ga wata dattijuwa a ƙarshen kwale-kwale tana yi wa 'yan mata tsawa: "Yalla, ku ja tare!" Sunanta Sulafa. Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ne ya kawo ta Alƙahira.

An haife ta a ƙauyen masunta, arewa da Khartum. Gaba da ƙauyen kogi yakan matse tsakanin baƙaƙen duwatsu dogaye, wurin da ake kira Sabaloka. Mutanen ƙauyensu ba sa shiga. A bakinsa suke juyowa.

Tana budurwa kifi ya yi ƙaranci. Mahaifinta, Malam Ishaq, ya ce zai je ya ga abin da ke bayan duwatsun, amma duk mazan garin suka noƙe.

"Baba, ni zan riƙe maka gora," in ji Sulafa.

"Ruwan can ba ya wasa fa."

"Ni ma ba wasa zan je yi ba."

Da suka shiga, sama ta koma siririya kamar zare. Ƙugin ruwa ya hana su jin juna, sai nuni da hannu. Can wani dutse ya taso gabansu. Sulafa ta kafa gora, gorar ta tsage, ta sa kafaɗa ta tunkuɗa har fatarta ta saluɓe. Kwale-kwalen ya karkata, ya sha ruwa, ya miƙe. Suka faɗo wani fili mai faɗi, tsibirai kore shar, kifi na tsalle. Malam Ishaq ya zauna yana dariya, hawaye na zuba. Kafin shekara ta zagayo, jiragen ƙauyen duk sun koyi hanyar.

A Alƙahira shayi ta fara sayarwa a bakin kogi. Wata rana ta ga Ayman, mai ba da hayar jirage, yana fama da wasu 'yan mata masu koyon tuƙi, jirginsu sai juyi yake a wuri ɗaya.

"Ɗana, ba ni filafilin nan," ta ce.

Ta kai su tsallake ta dawo da su, mayafinta ko ɗigo bai taɓa ba. Tun daga ranar ta fara koya musu tuƙi.

Yanzu ɗalibanta sun cika jirgi uku, har da 'yan Kano masu karatu a unguwar Darrasa. A bana biyu daga cikinsu suka shiga tseren jirage, ɗaya ta zo ta farko.