Takalmin da ya hana ni gaida surukina

Ban taɓa ganin mutanen da suka kai mahaya keke yawan shawara ba. In ka je asibiti, likita ɗaya zai duba ka. Amma ka tsaya a bakin titi kana matsa tayar kekenka, kafin ka ɗago kai masana sun kewaye ka, kuma babu biyun da bakinsu zai zo ɗaya.

Na faɗa hannunsu ne a shekarar da tumbina ya fara riga ni shiga aji. Ni malamin sakandare ne a Samaru, aikina tsayuwa gaban allo da zama gaban tuwo. Wata nas ta auna ni ta ce jinina ya hau, in nemi abin motsa jiki tun kafin a nemo mini. Na sayi keken gwanjo a Sabon Gari, na shiga cikin wasu da ke haɗuwa kowace Asabar da safe a wurin mai shayi. Daga nan sai mu miƙa ta Jama'a, mu zaga Zabi, mu dawo gida muna nishi.

Mutum biyu ne suka ɗauke ni a matsayin gonarsu. Ɗaya Ibo ne mai shagon kayan janareta, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana. Kekensa mai siririyar taya ne, na gudun kwalta. Ɗayan likitan dabbobi ne, mai keken hawa dutse da taya ƙatuwa, duk da ban taɓa ganin ya hau ko tudun shara ba. Mai shago ya cika mini taya da iska har ta yi tauri, likita ya bi bayansa ya sace rabi. Wannan ya ɗaga mini sirdi, wancan ya sauke. Sirdin nan ya hau ya sauka fiye da farashin tumatir, ni kuwa ciwon mazaunai bai ragu ba ko kaɗan.

Abu ɗaya ne suka taɓa yarda a kansa, kuma ranar ya kamata in gudu.

"Oga Ticha," in ji mai shago, "da wannan silifas ɗin kake son ka bi mu? Ƙarfinka duk zubewa yake yi a ƙasa. Sai takalmi mai kama feda."

"Gaskiya ya faɗa, Malam," in ji likita. "Yau dai Allah ya ba shi sa'a."

Takalmin yana da ɗan ƙarfe a ƙasansa. In ka taka feda sai ya ce ƙas, ya kulle, kai da keke kun zama abu guda. Ƙafa ba ta fita sai ka murɗa dunduniya waje. Mai shago ya canza mini feda da hannunsa, tsofaffin kuma ya kyautar wa wani nan take, don kada in yi tunanin komawa. Na gwada a gida ina dafe da bango, ƙafa ta shiga ta fita lafiya lau. Abin da ba su gaya mini ba shi ne, a titi babu bango.

To, a kan hanyarmu, a Jama'a, gidan surukina yake. Tsohon hedimasta ne, dattijo a cocinmu, kuma kowace safiya yana zaune a benci gindin mangwaron ƙofar gidansa da 'yar rediyonsa. Tun ina saurayi, in zan wuce, daga nesa nake sauka, in turo keke, in cire takalmi, in durƙusa in gaishe shi. Lokacin da na nemi 'yarsa ba ni da komai sai keke da alli, dangi suka yi ta ƙorafi. Shi ya tsawatar, ya ce yaron da ke sauka tun daga nesa don ya gaida babba ba zai wulaƙanta masa 'ya ba. Da saukar nan na sami mata, da ita kuma nake riƙe da mutuncina a gidan.

Asabar ta farko da sabon takalmi, na hango mangwaro, na kama birki, na murɗa ƙafa. Shiru. Na sake murɗawa, kamar an yi mini walda. Keke ya fara rawa, ga kwata a gefe, ga ɗan adaidaita yana danna mini hon a baya. Ko in faɗi, ko in taka. Na taka. Na ɗaga hannu ɗaya na ƙwala, "Baba, ina kwana!" na wuce fuu, kamar ɗan takara a bayan mota. Da wutsiyar ido na ga har ya gyara zama ya matsa mini wuri a bencin.

Da na kai ƙara wurin malamaina biyu na keke, sai kasuwa ta buɗe.

"Hagu za ka fara cirewa, feda tana ƙasa," in ji mai shago.

"Wa ya gaya maka? Dama, kuma tana sama. Kada ka kashe bawan Allah."

"Ka ɗiga mata baƙin mai."

"Mai? Ƙasa za ta kama, ta ƙara kulle shi!"

Asabar ta gaba na tuna da shawarwarin duka a lokaci guda, ƙafafuna suka rikice, kowace tana jiran 'yar'uwarta. Na sake wucewa da hannu a sama. Wannan karon Baba bai ɗago ba, rediyonsa kawai yake murɗawa.

Ranar Lahadi bayan sujada na gaishe shi, ya ce "lafiya" yana kallon wani wuri. Da yamma matata ta dawo daga gidansu, ta ajiye jaka ba ta dube ni ba.

"Baba ya ce in tambaye ka, ko an yi maka ƙarin girma ne a wurin aiki?"

Maganar ta soke ni. Na ce ta koma ta yi masa bayani.

"Ni? In je in ce wa mahaifina mijina ya sayi takalmi ya ɗaure kansa a jikin keke? Gara ya ɗauka girman kai ne. Shi aƙalla ciwon masu hankali ne."

Na tafi da kaina, a ƙafa. Surukata ta fito ta ce Baba ya kwanta, alhali ina jin rediyonsa a tsakar gida. Tunda na shiga gidan nan ba a taɓa mayar da ni daga ƙofa ba. Na dawo raina a ɓace, ina jin haushin mai shago, da likita, da nas ɗin da ta auna ni, da duk wanda ya ƙirƙiro wannan takalmi.

Da Asabar ta zagayo na ce wa kaina yau sai na tsaya, ko da haƙori zan tsaya. Mai shago ya buɗe baki a wurin mai shayi, na ce, "Don Allah, maigida, ka sha shayinka." Na hango mangwaro, na hango farar furfura, na damƙe birki biyu. Na murɗa hagu, na murɗa dama, babu wadda ta amsa. Keke ya tsaya cak a gaban bencin, ya ɗan yi tunani, sannan ya kwanta da ni a hankali kamar buhun masara.

Ina kwance a gefe ɗaya, hular kwano ta rufe mini ido guda, ƙafafu suna maƙale a feda, tayar gaba tana juyawa. Tunda dai na iso ƙasa, na ce, "Baba, ina kwana?"

Malamaina suka iso a guje, ba don su ɗaga ni ba.

"Ban ce maka hagu ba?"

"Hagun ce ta kayar da shi!"

Baba ya miƙe da sandarsa ya zagayo. Ya ƙwanƙwasa takalmin, ya ɗan ja, keke ya biyo. Ni kuma na kwance maɗaurin na zaro ƙafafuna, na bar takalman suna lilo a jikin feda, na durƙusa da safa.

"Wa ya ɗaure ka, ɗana?"

"Ni ne, Baba."

"Da kuɗinka?"

"E, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da likita ya bubbuga masa baya. Da ya lafa ya koma ya zauna, sannan ya ce, "Ni kuwa na rasa barci ina neman abin da na yi maka. Jiya na ce wa uwarku, in yau ma ka wuce, zan sa riga in zo gidanka in ba ka haƙuri."

Mutumin da ya ba ni 'ya. Gwiwata tana jini, amma ba ita ke mini zafi ba. Na sunkuyar da kai don kada abokaina su ga idona.

Makon nan duka na kwashe shi ina koyon cire ƙafa a filin makaranta, ba tare da shawarar kowa ba, har dunduniyata ta gane hanya. Ranar Asabar, tun daga nesa na murɗa, ƙafa ta fita sumul. Ina shirin sauka irin ta mutanen kirki sai na ga abin da ke gaban bencin. An baza yashi mai laushi daidai inda na faɗi, an tsince duwatsun an tara gefe. Baba yana tsaye kusa da shi da bokiti a hannu, ƙafar wandonsa a naɗe, yana haki, yana nuna mini wurin da sanda.

Na dubi yashin, na dubi tsohon. Sai na mayar da ƙafata, ƙas, na kama birki, na kwanta a kai.

Ya leƙo fuskata cike da jin daɗi.

"Ka sauka lafiya, ɗana?"

"Lafiya lau, Baba."