Leɓen Maigidana da Tiyon Alhaji

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da abin da aka yi wa maigidana a shekarun wahalar man fetur ba. Lokacin muna haya a Unguwar Shanu, shi kuma yana tuƙa bas ɗin wani Alhaji. Da tuƙin nan muke ci, da shi muke rufa wa kanmu asiri.

Da mai ya yi wuya, Alhaji ya tara shi a durom a garejinsa. To wa zai juye a mota? Maigidana mana, tunda shi ne ba ya musu. Kullum da safe sai ya sa tiyo a baki ya zuƙa har man ya taho, ya tofar, ya wuce mota ta gaba. Ba tasa kaɗai ba fa, har ta sauran direbobi.

Ba a jima ba leɓensa ya bushe, ya yi ja, ya kumbura suntum, gefen bakin ya tsattsage. In miya ta taɓa wurin sai ka ga namiji yana hawaye. Na shafa man kaɗanya, na shafa man shanu, a banza.

Ran nan sai ga shi ya dawo da rana tsaka, jiki a sanyaye. Da ƙyar na ciro magana a bakinsa. Wai sun zauna cin abinci a faranti ɗaya kamar kullum, Alhaji ya ce a ware masa nasa, a ware masa kofi, don ciwon zamanin nan da baki yake farawa. Ya kuma karɓe makullin mota. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi.

Na tisa shi a gaba sai asibiti. Likita ya duba, ya auna jini, ya ce, "Malam, ba cutar da ake ɗauka ba ce. Kumburin leɓe ne, fetur ke ƙona maka fata. Ga man shafawa, kuma kada ka ƙara zuƙa."

Washegari na ɗauki mayafi. Maigida yana cewa, "Don Allah ki bari," ni kuwa ko waiwaye. Na sami Alhaji a kan benci, direbobi na kewaye da shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, likita ya ce manka ne ya cinye wa mijina baki. A gaban mutane ka ɓata shi, a gabansu za ka wanke shi."

Ko kallon kirki bai yi mini ba. Ya ce, "To madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Amma wanda ba zai zuƙi mai ba, me zan yi da shi?"

Kai jama'a! Na wanke Alhaji tas, na faɗi wadda ta dace da wadda ba ta dace ba, amma makulli bai dawo ba.

Leɓe ya warke sumul cikin ɗan lokaci. Maigidana kuwa dako ya koma yi a kasuwa, direba guda, har bayansa ya ranƙwafa. Tun daga nan nake gaya wa 'ya'yana: ku sayar wa mutum ƙarfinku, amma kada ku ba shi lafiyarku kyauta, don ranar da ta ƙare shi ne zai fara ƙyamarku.