Ɗanliti Mai Ja-da-Yalo

A ƙauyenmu da ke gabas da Minjibir, inda gonar wannan ke jingine da dangar wancan, babu wanda bai san Ɗanliti ba. Ɗan manomi ne, amma tun yana saurayi ya ce fartanya ba ta dace da hannunsa ba. Ya tafi Kano ya yi 'yan shekaru yana share wani kemis, ya dawo da farar riga da akwatin katako, ya kafa teburi a gindin darbejiya. Daga ranar ya zama Dakta. Shi ya raɗa wa kansa.

Iliminsa kaf bai wuce kafso ɗaya ba, ja da yalo. Ciwon kai shi ne, mura shi ne, in haƙori ne a ɓare a zuba a kogon. Har kaji da awaki bai ƙyale ba. In ka ce ka ji sauƙi, ya ce aikin magani ne. In ka ce da saura, ya ce ka ƙara biyu. Shi kansa da shi yake karya kumallo, wai yana wanke ciki. Tuwon dawa da miyar kuka kuwa cimar ƙauyawa ce a wurinsa, sai burodi da lemon kwalba.

Yana dab da shekara arba'in cikinsa ya rikice. Gudawa da majina, daga baya har da jini. Damina ta kankama, kowa na gona, shi yana zarya tsakanin teburi da masai. Ya ce sammu ne, ya ɗora wa maƙwabcinsa Mika'ilu, bawan Allahn da ko gardama bai iya ba. Ya ninka kafso. Sai da ya yanke jiki ya faɗi, sannan matarsa Aina'u ta sa aka ɗauke shi zuwa wani asibiti a Kano.

Aina'u ce ta ba mu labarin abin da ya faru can. Bayan gwaje-gwaje, likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce hanjinsa ne ya kumbura ya yi gyambo.

"Malam, a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu amfani da ido ba ya gani," in ji ta. "Suna cin abin da ya rage na wake da ganye da dusar hatsi, su fitar da wani sinadari. Shi ne ke sa wasu ƙwayoyin gado, wato waɗanda mutum ke gada daga iyaye, na bangon hanji su yi aiki, wasu su lafa. In halittun nan suka yi ƙaranci, masu tayar da kumburi ba su da mai kwaɓarsu."

"Ai na sani," in ji Ɗanliti daga kan gado. "Ni ma ma'aikacin lafiya ne."

"To ka san kafson nan ba ya tantance na kirki da mugu. Ban ce shi kaɗai ya jawo maka ba, akwai gado a ciki. Amma ka yi shekaru kana yi musu kisan kiyashi, kana kuma hana su abinci."

Ya dawo gida da maganin asibiti, ya koma cin ɗanwake da kwaɗon zogale kamar an aiko shi. Ya murmure, ko da yake ciwon kan motsa lokaci-lokaci. Bai taɓa taka ƙofar Mika'ilu ya nemi gafara ba. Ya hana 'ya'yansa kafso, ya ce duk wanda ya kama da shi sai ya ci bulala.

Teburin kuwa tun da ya dawo ko rana ɗaya bai rufe ba. Abin da ya ƙaru shi ne wa'azi: yanzu yana yi wa masu saye bayanin ƙwayoyin gado, yana cewa binciken da suka yi ne da abokan aikinsa na Kano.

Wata safiya Sakinatu, matar mai faci, ta kawo jaririnta da ke mura. Aina'u na shara a ƙofar gida ta ga Ɗanliti ya ƙirgo ja da yalo ya ce a jiƙa a ɗura wa jaririn.

"Malam, ba wannan ne aka ce ya ɓata maka ciki ba?" in ji Aina'u.

Bai ko ɗago kai ba. "Likita hanjina ta duba, ba hanjin gari ba."

Aina'u ta jingine tsintsiya, ta bi Sakinatu har bakin rijiya, ta karɓe ƙullin ta jefa a kwata, ta ce ta kai yaron asibitin sha-ka-tafi. Da yamma Ɗanliti ya zauna a majalisa yana ƙorafin cewa matan zamani ba su san darajar ilimi ba.