Kwalin madarar da na kawo wa Inna

Da kakar nan Inna Tabawa, mahaifiyata, ta cika shekara arba'in da shida a ƙasa. Ungozoma ce a unguwarmu da ke gefen Tafoki, kuma rabin dattawan da muke zaman majalisa da su yau ita ta yanke musu cibi. Allah Ya jiƙanta. Ni ne ɗan da ya fi ɓata mata rai, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in rubuta wannan.

Inna 'yar gidan Maguzawa ce daga wajen Ketare, ta musulunta kafin ta auri Baba. Sallarta ba ta wuce lokaci, amma tana da doka ɗaya da ba ta sassautawa: mai goyo ba ta komawa ɗakin miji sai ta yaye, shekara biyu cur. Surukanta a ɗakinta suke kwana har ranar yaye. Mazan gida su yi ta gunaguni a zaure, babu mai iya tunkararta.

Ni na tunkare ta. Lokacin kuɗin fetur ne, ina aikin masaƙa a Kaduna, na sayi rediyo da agogo, kaina ya yi girma. A can na saba jin hirar cewa Turawa sun ƙi haihuwa don sun yi nisa da Allah, mu kuwa yawanmu shi ne ƙarfinmu, duk mai jinkirta haihuwa yana jayayya da Mai rabo. Na haddace wannan kamar karatun allo. Na zo hutu da kwalin madarar gwangwani a kafaɗa, ɗanmu na fari yana wata takwas, matata Hajara tana ɗakin Inna. Na dire kwalin na ce ga abin da yaran birni ke sha, a maido mini da matata.

Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Garba, ko gero in ya yi cinkoso a rami guda sai an rage shi. Ka bar ɗiyar mutane ta huta."

Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce, "Inna, wannan al'adar gidanku ce ta dā, ba addini ba ce." Ta ajiye rariya, ta dube ni, ta tashi ta kwaso kayan Hajara da hannunta ta kai ɗakina.

Kafin damina ta kankama Hajara ta samu ciki. Aka cire yaron daga nono, aka koma dama masa madara da ruwan rijiya. Babu wanda ya gaya mana a tafasa, ni ma da na kawo ban sani ba. Zawo ya kama shi, ya rame har wuyansa ya kasa ɗaukar kansa. Inna ta yi jiƙe-jiƙenta, muka kai shi asibitin sha-ka-tafi a Faskari, amma kwana ya ƙare. Ranar da aka fara yankan gero muka binne shi. Hajara ta haihu bayan 'yan watanni, ta zubar da jini har muka fid da rai, Inna ce ta yi jinyarta wata uku kafin ta miƙe.

Ko sau ɗaya Inna ba ta ce "na gaya maka" ba. Limamin unguwa ne ya kira ni bayan sadakar bakwai, ya ce shayarwa ta shekara biyu a cikin addini take, tsohuwar da na yi wa gori ta fi ni bin sunna. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Yanzu kullum rediyo na kawo labarin ƙasashen da ake rufe makarantu don babu yara, da namu inda aji ya cika har ana zama a taga. Wasu su ɗora wa addini laifi, wasu su yi ta alfahari da yawa. Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce. Ina jin ba za ta shiga gardamar ba. Ita mai son 'ya'ya ce, tara ta haifa, kuma ba ta taɓa ganin haihuwa a matsayin nauyi ba. Tambayarta ɗaya ce ga kowane gida: uwar ta warke? Na goye ya yi ƙwari? Ƙasashe ba su dame ta ba, ita matar da ke gabanta take dubawa.

Shekara ɗaya bayan rasuwar yaron ciwon ajali ya kwantar da Inna. Na durƙusa na nemi gafararta. Ta ce, "Ni na yahe tun ran nan. Amma ba ni ka yi ma laihi ba. Tai ka roƙi Hajara, ita ta ɗau cikin, ita ta rasa ɗa."

Na ce to, ban yi ba. Girman kai rawanin tsiya. Na bi dokar Inna a kan sauran 'ya'yanmu, na sa 'ya'yana maza suka bi ta a kan matansu, jikokina sun tashi da ƙoshin lafiya, ina ganin wannan ya wadatar. Abin da ya rage na Inna a duniya ke nan, kuma ba kaɗan ba ne. Sai dai saƙonta na ƙarshe yana nan a wuyana ban isar ba.

Makon jiya, da na zauna zan fara rubutun nan, na ga ba zan iya yabon mace ina riƙe da wasiyyarta ba. Na sami Hajara a tsakar gida tana gyaran wake, gashinta fari fat. Na zauna a ƙasa na ce ta yafe mini abin da ya faru da yaron nan. Ta ajiye faifan waken a gefe. Matan garinmu ba sa kiran sunan ɗan fari saboda kunya, ko yana raye ko ya mutu, kuma tunda aka raɗa masa suna ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Na yahe, Malam. Da yanzu Lawali na da jikoki."