Igiyar Da Ta Kashe Malam Maje

Da hantsin Laraba, bakwai ga Mayun 2025, igiyar injin ɗaga kaya ta tsinke a siton yadin da muke aiki a Fagge. Dila ta faɗo daga hawa na uku ta danne Malam Maje. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa.

Malam, ni ne Obinna, ɗan Sabon Garin da ka koya wa ɗaurin dila shekara tara da suka wuce. Ranar da wannan injin ya cinye mini yatsu biyu, kai ka yage rigarka ka ɗaure hannun, ka sa ni a adaidaita. Sati shida ina kwance, kullum bayan la'asar kana tafe da kwanon tuwo, har mahaifiyata ta koma kiranka babban ɗanta.

Sau uku kana nuna wa mai siton inda igiyar ta fara warwarewa. A gabana ya ce maka, "Ku daina damuna, ai duk kuna da inshora. Wanda ya ji ciwo kamfani zai biya." Da sunan inshorar nan yake yankar albashinmu duk wata. Da ita ya hana mu ƙari shekara huɗu, da ita ya ƙi sayen sabuwar igiya. Lokacin nawa raunin ya ce takardu na hanya, na yi shiru don tsoron kora. Shirun nan yana cina yanzu, Malam.

Bayan sadakar uku na raka matarka Ummakulsum ofishin inshorar. Aka duba, babu sunanka, babu na kowa a cikinmu. Ashe mai siton bai taɓa yi mana rajista ba.

Ya aiko da buhun shinkafa gidan makoki, wai ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma ba mu yafe ba. Guntun igiyar yana hannuna, haka takardun albashinmu. Mu goma sha ɗaya muka sa hannu, lauya ya shigar da ƙara. Ina so in ga mai siton tsaye gaban alƙali yana zufa, a garƙame siton, sunansa ya zube a kasuwar Kwari. Jiya ya kore ni. Ya makara.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka. Inna Ummakulsum, da 'yarki Muhibba da ƙannenta, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Shi kuwa wanda ya raba ku da shi, Allah ya isa. Allah ya hana shi kwanciyar hankali har sai ya amsa laifinsa da bakinsa.